Gudu Ko Ƙarfi? Abin Da Na Koya Daga Faifan Bayan Babur

Sau da yawa in malamin lissafi ya shigo aji ya fara cika allo da rabawa, akan sami wani daga kujerun baya ya yi gunaguni ya ce, "Wai shin wannan me zai tsinana mana in mun bar makaranta?" Ni ma da ina cikin masu faɗin haka, ba zan ɓoye ba. Amma a dogon hutun da ya wuce na ga inda rashin yin wani ɗan lissafi, wanda ko ɗan aji ɗaya zai iya yinsa, ya kwantar da yayana mako biyu, ya kuma kusa hana ni dawowa makaranta a kan lokaci. Sabo da haka na ga ya kamata in rubuta abin da na koya, ko ya amfani 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, tun da ya ke a yau da wuya ka shiga gidan da babu babur ko keke.

Da aka ba mu hutu, Baba ya ce shi ba ya son zaman kashe wando, ya tura ni garejin Kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda ya daɗe yana gyaran babura. Aikina shi ne wanke notuna da kananzir, da miƙo sifana, da riƙe babur in ana kwance wili. Yayana kuwa yana da ƙaramin babur mai giya huɗu, irin wanda 'yan acaɓa ke hawa. Da shi ya ke ɗaukar buhunan masara da kwandunan tumatir daga ƙauyenmu zuwa kasuwar gari. Rabin hanyar kwalta ce, rabi burji, akwai kuma wani rafi wanda da ka haye shi sai ka tarad da hawa mai tsauri. Daga abin da babur ɗin nan ke samowa a ke biya mana kuɗin makaranta, ni da ƙanwata.

Ran nan da hantsi sai ga Yaya ya zo da wani sabon faifai mai haƙora a hannu, irin wanda kaca ke hawa a wilin baya, wanda kanikawa ke kira sifoket. Bayan sun gaisa ya ce, "Kawu, so na ke ku sa mini wannan. Kullum abokaina wuce ni su ke yi a kwalta. An ce in na sa ƙarami babur zai ƙara gudu."

Kawu ya karɓa ya jujjuya shi, ya ce, "Haƙora nawa ne da wanda ke jikin babur ɗin?" Yaya ya ce bai sani ba. Kawu ya dube ni ya ce, "Kai ɗan boko, ɗauko alli ka ƙidaya mana." Na sa alama a haƙori ɗaya don kada in rikice, na ƙidaya. Ƙaramin faifan gaba, wanda ke jikin inji, haƙora 14. Babban na baya 42. Sabon da Yaya ya kawo kuwa 36.

Kawu ya ce, "Ɗana, taura biyu ba ta taunuwa. Kai ɗan dako ne, ba ɗan tsere ba." Yaya ya nace. Kawu ya ce, "To, babur naka, kuɗi naka. Jiki magayi." Muka sa masa. Amma tsohon faifan Kawu bai bari an jefar ba, ya ce in rataye shi a ƙusa.

YADDA ƘARFI KE ISA GA TAYA

Kafin in faɗi abin da ya biyo baya, bari in bayyana aikin waɗannan fayafayai biyu. Injin babur yana juyi da sauri ƙwarai, sau dubbai a minti ɗaya, amma kowane juyi ba shi da wani ƙarfin kirki. Da za a haɗa shi da taya kai tsaye, ko motsawa babur ba zai yi ba. Sabo da haka aka shirya matakai na rage saurin juyi a mai da shi ƙarfi. Na farko yana cikin inji, na biyu shi ne giya, na ƙarshe kuwa shi ne faifan gaba da kaca da faifan baya. Giya kai ke sauya ta da ƙafa kana tafe. Matakin ƙarshe kuwa a kafe ya ke, duk giyar da ka sa ta cikinsa za ta bi. Wannan shi ne abin da Yaya bai lura da shi ba.

Kowa ya san in noti ya ƙi kwancewa akan zura bututu a sifana don hannunta ya ƙara tsawo. Nan da nan sai ka ga notin ya saki, amma fa hannunka zai yi zagaye mai nisa kafin notin ya juya sau ɗaya. To, babban faifan baya kamar doguwar sifana ya ke: yana juya taya da ƙarfi, amma sai kaca ta yi tafiya mai yawa. Ƙaramin faifai kuwa gajeriyar sifana ce, zagayenta kaɗan, ƙarfinta ma kaɗan.

Ga lissafin. A raba haƙoran baya da na gaba. 42 a raba da 14 ya ba da 3, watau sai faifan gaba ya juya sau 3 kafin taya ta juya sau ɗaya. In kuwa 36 ne, amsar ita ce kusan 2.57. Don abin ya fito sarai, mu ce faifan gaba ya juya sau 18. Ya ja gaɓoɓin kaca 252 ke nan, watau 18 sau 14. Raba 252 da 42, taya ta juya sau 6. Raba shi da 36, ta juya sau 7. Ashe gaskiyar abokan Yaya: an sami ƙarin sudusi, watau kashi ɗaya cikin shida. In da yana tafiyar kilomita 60 a awa, yanzu da wannan ƙugin inji zai yi 70.

Amma ba su gaya masa ɗaya rabin maganar ba. Ƙarfin da ke tura taya ya koma 36 bisa 42, watau 6 bisa 7. An yi hasarar subu'i, kashi ɗaya cikin bakwai, kimanin 14 cikin 100. Hasarar nan kuwa ba a giya ta huɗu kaɗai ta tsaya ba, har da giya ta ɗaya, wadda da ita a ke tashi da kaya, da ita kuma a ke hawan tudu. Faifai ba ya ƙara wa inji ƙarfi ko ƙwayar zarra. Musanya kurum ya ke yi: ka ba da ƙarfi ka karɓi gudu, ko ka ba da gudu ka karɓi ƙarfi.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan ban mamaki. Shi kansa gudun da aka saya ba lalle ne a same shi ba. Iska tana tokare duk abin da ke gudu, kuma tokarar tana ƙaruwa ne gwargwadon gudu sau kansa. 60 sau 60 shi ne 3,600, 70 sau 70 kuwa 4,900. Ka ga tokarar iska ta ƙaru da fiye da sulusi, alhali ƙarfin turawa ya ragu da subu'i. Ƙaramin inji ba safai ya ke iya cike wannan giɓi ba, balle in akwai kaya ko ana fuskantar iska. Sai ka murɗe totur har ƙarshe a giya ta huɗu, inji yana nishi, maleji bai wuce inda ya saba tsayawa ba.

In ma an sami gudun, birki bai ƙaru ba. Nisan da babur ke ci kafin ya tsaya shi ma wannan ƙa'ida ya ke bi. A misali, inda taku 36 zai ishe ka tsayawa a gudun 60, a gudun 70 sai ka bukaci taku 49. Tsakanin 36 da 49 kuwa akuya na iya shiga, yaro ma na iya shiga.

JIKI MAGAYI

Kwana biyun farko Yaya yana ta murna, don in ba kaya ƙarar inji takan ragu a kwalta, ya kan kuma ɗan taɓa abokan nasa. Ran kasuwa ya ɗaura buhun masara biyu. Tun a ƙofar gida ya ga babur ba ya son tashi sai ya daɗe yana riƙe da rabin kuloci. Ya haye rafi, ya kama hawa a giya ta ɗaya, ya kai tsakiya inji ya fara shaƙewa. Ya ƙara wuta yana sassauta kuloci, sai ƙauri ya tashi, inji ya mutu. Nauyin kaya ya ja babur baya, ya kife a kansa. Salansa ta ƙone masa ƙafa, idon sawu ya gurɗe, buhu ɗaya ya fashe a cikin tsakuwa. Hawan da ya shekara biyu yana yi da kaya iri ɗaya ke nan, bai taɓa gagararsa ba.

Mako biyu bai fita ba. Ga kuɗin magani, ga biyan mai masara, ga kuloci da ya ƙone sai da aka sake kayan cikinsa. Da aka turo babur gareji Kawu bai ce masa kome ba, sai ya nuna mini ƙusa. Na sauko da tsohon faifai, ya duba haƙoransa ya ga lafiya lau, muka mayar. Amma sai da aka sayi sabuwar kaca, don an riga an rage wa ta da tsawo, Kawu kuwa ya ce ba ya yi wa mai ɗaukar kaya ƙarin gaɓa da faci. Kuɗin makarantata na wannan zango Kawu ne ya ranta.

Na tambaye shi, to, da babba aka sa fa? Ya ce in yi lissafi da 45. Na raba 252 da 45 na sami 5.6. Watau gudun 60 zai koma 56, ƙarfi kuwa ya ƙaru da kashi ɗaya cikin 14. Ya ce wannan shi ya dace da mai yawan bin yashi da tudu da kaya, sai dai a kwalta inji zai riƙa ƙara, ya sha mai, ya yi zafi. Ya ce waɗanda suka ƙera babur sun zaɓi tsaka-tsaki ne bayan gwaji, kada mutum ya kauce wa zaɓinsu sai da dalili, kuma da haƙori biyu ko uku, ba shida ba. Ya ƙara mini da cewa haƙori ɗaya a gaba daidai ya ke da kusan uku a baya. Na gwada: 42 a raba da 15 ya ba da 2.8, 39 a raba da 14 ya ba da 2.79. Haka ne kuwa.

IN ZA A YI AIKIN

Ga abubuwan da na ga Kawu yana kiyayewa. Da farko a kafe babur bisa ƙafarsa ta tsakiya, a kashe inji, a zare makulli. Kada a kuskura a kai hannu ga kaca inji yana aiki, yatsu da yawa sun tafi ta nan.

Na biyu, kafin a kwance kome a tabbata sabon faifai ya dace: ramukan notinsa su hau daidai, kaurin haƙoransa kuma ya yi daidai da kaca. Akan buga lamba a jikin kaca, kamar 420 ko 428. Lambar farko, 4, tana nufin tsakanin ƙusa da ƙusa rabin inci ne, watau milimita 12.7. Duka biyun haka su ke, amma 428 ta fi faɗi, don haka ba a gauraya su.

Na uku, tsawon kaca. Da ya ke kaca rabin faifai ta ke naɗewa, in an rage haƙora 6 za a sami rarar gaɓa 3. Gaɓoɓi kuwa bibbiyu a ke cire su. Sabo da haka muka cire 2, sauran ɗayar aka ja wili baya kaɗan ta shige. In babban faifai za a sa, wata sa'a sai an sayi doguwar kaca.

Na huɗu, ɗan ƙarfen da ke kulle gaɓar haɗi yana da baki buɗaɗɗe da kai rufaffe. Rufaffen kan shi zai fuskanci inda kaca ta nufa, don kada wani abu ya ƙwanƙwashe shi ya fice.

Na biyar, kada a ɗaure kaca tamau. A bar ta tana motsi sama da ƙasa kamar santimita 2 zuwa 3 a tsakiya, ko abin da littafin babur ya ce. A duba zane-zanen da ke gefe biyu na wili su yi daidai, in ba haka ba taya za ta karkace. Tun da wili ya gusa, wajibi ne a sake daidaita birkin baya kafin a hau. Daga ƙarshe, in haƙoran faifai sun lanƙwashe kamar ƙugiya, a sake fayafayan biyu da kaca gaba ɗaya, don tsoho ya kan cinye sabo.

BABURA MASU BEL

Da muka koma makaranta na ba malaminmu na kimiyya wannan labari. Ya ce ai ƙa'idar ba ta babur kaɗai ba ce. Keken ɗinkin da iyayenmu mata ke takawa, babban gargare ne a ƙasa ke jan ƙarami a sama da igiyar fata, shi ya sa taku ɗaya ke ba da ɗinki da yawa. Injin niƙa ma bel ne ke haɗa fuli biyu, watau fayafayan da bel ke hawa, sai dai da ya ke ba su da haƙora faɗinsu a ke aunawa. Sa'an nan ya nuna mini hotunan manyan babura waɗanda ba su da kaca sam, bel ne ke jan wilin baya.

Ashe baburan farko, a farkon ƙarni na 20, da bel na fata su ke tafiya. Kamfanin Harley-Davidson, wanda aka kafa a birnin Milwaukee na Amurka a 1903, da irinsa ya fara. Amma fata takan zame in ta jiƙe, sai kaca ta ture ta. A 1980 kamfanin ya fito da wani babur mai suna Sturgis, mai bel na roba mai haƙora, wanda aka ƙarfafa cikinsa da zaruruwa masu tsananin ƙarfi. Daga nan bel ya dawo, har ya zama shi ne a yawancin manyan baburan kamfanin. Ba ya bukatar mai, ba ya ƙara, ya kan kuma daɗe fiye da kaca. Amma tsakuwa in ta shiga tsakaninsa da fuli tana iya huda shi, shi ya sa ya fi dacewa da kwalta, bai dace da hanya irin ta ƙauyenmu ba.

Masu irin waɗannan babura su ma sukan sauya fulin baya, lissafin kuwa ɗaya ne da namu. Da yawa daga cikin manyan baburan Harley-Davidson sun fito da haƙora 32 a gaba, 70 a baya, watau kusan 2.19. In aka sa mai 66 sai ya koma 2.06. Injin da ke juyi sau 3,000 a minti a kan babbar hanya zai sauko zuwa kimanin 2,830 a wannan gudu. Abin da su ke nema ke nan: ba tsere ba, a'a, inji ya huta a doguwar tafiya, jijjiga ta ragu. Su ma suna biya da ƙarfin tashi, sai dai injinsu babba ne, yana da rarar da zai bayar. Na Yaya ba shi da ita.

Wahalarsu ta fi tamu ta wani gefe. Bel zobe ne guda, ba a yanka shi, ba a ƙara masa gaɓa. Tsakanin haƙori da haƙori milimita 14 ne, don haka rage haƙora 4 a fuli ya kan bar rarar haƙora 2, watau milimita 28, sai a ja wili baya da kimanin milimita 14. In wurin ja bai kai haka ba, tilas a sayi gajeren bel, sa shi kuwa a manyan baburan nan sai an kwance ƙarfen da ke riƙe da wilin baya da wani sashe na gefen inji. Har wa yau faɗin bel da na fuli sai sun dace, ba a lanƙwasa bel da ƙarfi don kada zaruruwan ciki su karye, ɗaurinsa kuma da ma'auni a ke gwadawa, ba da yatsa ba. Bugu da ƙari, babur ɗin da malejinsa ke ƙidaya daga akwatin giya zai riƙa faɗin ƙarya bayan an sauya fuli: in ƙarami aka sa, mutum yana gudu fiye da abin da ya ke gani. Na Yaya daga wilin gaba ya ke ƙidaya, don haka wannan bai shafe shi ba.

To, jama'a, kun ji. Ban ce sauya faifai laifi ne ba. Abin da na ke cewa shi ne, kafin mutum ya ba da kuɗinsa ya tambayi kansa abu uku: wace hanya na fi bi, wane kaya na ke ɗauka, me zan bayar a madadin abin da na ke nema? Sa'an nan ya ƙidaya haƙora ya raba. In iyayenmu ko yayyenmu ba su saba da rabawar ba, ga mu nan, ai don irin wannan rana aka sa mu makaranta. Da na san haka tun ranar da Kawu ya miƙo mini alli, da na zauna da Yaya na nuna masa 6 da 7 ɗin nan a ƙasa, wataƙila da ya ji.

Yanzu dai ƙafa ta warke, sai tabo. Yaya ya koma dakonsa da haƙora 42, abokansa suna wuce shi a kwalta, shi kuma yana wuce su a hawan rafi. Faifan nan mai 36 kuwa shi ne yanzu a rataye a ƙusar Kawu, duk wanda ya zo neman gudu akan nuna masa shi. Nan zan dasa aya. Allah ya kiyaye mana hanya, amin.